LASIN GIYA: KURAYE BIYU AKE CE MU ZAƁI WADDA ZA MU BA AJIYAR NAMA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Kwanakin baya, a cikin motar haya daga Kano zuwa Kankiya, tun daga Bichi har muka wuce Gidan Mutum Ɗaya wasu bayin Allah biyu suke musu a kujerar gabana, kuma da ganinsu ka ga waɗanda suka sha boko. Na farko cewa yake tunda dai ana shan giya a jihar Katsina, an hana ko ba a hana ba, to gara ƙananan hukumomi su fito fili su yanka wa 'yan kasuwa lasi, a san masu sayarwa, a karɓi haraji a yi wa talaka aiki. Na biyu ya ce sam, ɗan kasuwa ba shi da tsoron Allah, gara gwamnati ta riƙe cinikin a hannunta kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen Turai, ta ƙayyade wuri da lokaci da shekarun mai saye. Kowannensu yana kawo hujja, kowannensu yana rantsuwa kishin talaka ne ya sa shi magana. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, cikinsu babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko akwai hanya ta uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

'Yan uwa matasa, kada ku ɗauka wannan hirar mota ce kawai. Irin wannan magana tana yawo a kafafen sada zumunta da majalisun 'yan boko, kuma tana da ƙofar da za ta shigo mana har gida. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu inda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya sa ba da lasin sayar da giya da lura da cinikinta a cikin ayyukansu. Ma'ana, a takarda, majalisar ƙaramar hukumar Kankiya da ta Kusada su ne masu wuƙa da nama a kan wannan lamari, ba Abuja ba. Sannan tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai waƙar ta koma a nemo kuɗin shiga, a nemo kuɗin shiga. To duk ranar da aljihu ya bushe, wani mai ba ciyaman shawara zai buɗe wannan jadawali ya ce ranka ya daɗe, ga wata rijiya ba mu taɓa jan ruwanta ba. Shi ya sa ya wajaba mu san amsarmu tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da kura ta farko, wato ɗan kasuwa. Ba sai mun yi dogon bayani ba, domin an gwada an gani. A ƙasar Amurka, bayan da aka janye dokar hana giya a 1933, wasu jihohi sun riƙe cinikin barasa a hannunsu, kuma har yau akwai jihohi 17 da ke kan wannan tsari. Jihar Washinton, wadda ke can gaɓar yamma, tana cikinsu har zuwa 2011. A wannan shekara aka jefa ƙuri'a kan a sakar wa 'yan kasuwa cinikin, kuma kamfanin manyan kantuna na Costco shi kaɗai ya zuba sama da dala miliyan 22 wajen kamfe don ƙuri'ar ta ci. Ta kuwa ci. Kafin nan shagunan barasa a jihar ba su wuce 330 ba. Bayan da dokar ta fara aiki a watan Yunin 2012, suka haura 1,400. To ɗan uwa, kamfanin da ya kashe dala miliyan 22, don a rage sha ya kashe ko don a ƙara? Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya faru a Rasha. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, Shugaba Yeltsin ya soke ikon gwamnati a kan cinikin barasa a 1992, bisa shawarar masu wa'azin sakin kasuwa. Kowa ya shiga dafawa da sayarwa, barasa ta yi arha kamar ruwan randa, jabu ta cika tituna. A 1987 matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha ya kai kusan shekara 65. Zuwa 1994 ya faɗo ƙasa da 58. Babu yaƙin duniya, babu annoba, amma maza suka riƙa zubewa kamar ƙwari, kuma masu binciken lafiya sun sa barasa a sahun gaba na dalilan wannan mace-mace. Wannan shi ne abin da ake kira 'yancin kasuwa idan ya haɗu da kwalba.

Dalilin a bayyane yake. Ɗan kasuwa ba ya buɗe shago don ya zauna yana kallon hanya. Ribarsa tana cikin yawan masu sha, kuma wanda ya fi kawo masa kuɗi shi ne wanda ya kamu ya kasa bari. Idan tsofaffin mashaya suka mutu, dole ya nemo sababbi, sababbin kuwa ku ne. Ku dubi giyar leda da ƙananan kwalabe da suka cika tashoshin mota a ƙasar nan. Wa aka yi wa su? Attajiri ba ya sayen giyar leda. An yi ta ne don mai ɗan canji a aljihu, ɗan acaɓa da kwandasta da ɗan makaranta, wanda zai cusa ta cikin aljihun wando ya wuce gaban mahaifinsa ba a gane ba. A watan Disambar 2018 hukumar NAFDAC da ma'aikatar lafiya suka yi yarjejeniya da kamfanonin cewa cikin shekara biyar za a daina yin ta. Da wa'adi ya cika a ƙarshen Janairun 2024, hukumar ta fara rufe wurare, sai kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikatansu suka yi ca, aka fito zanga-zanga, aka je majalisa, har aka ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Shekara biyar aka ba su, suka sa hannu da kansu, amma da lokaci ya yi suka ce ba su san zance ba. Wannan shi ne mutumin da ake cewa a ba shi lasi a Kankiya wai zai kiyaye sharaɗi.

To, ke nan mai magana na biyu ya yi gaskiya, gwamnati ta karɓi cinikin? Mu yi masa adalci, domin Musulunci ya hore mu da adalci ko a kan wanda muke jayayya da shi. Gaskiya ne a ƙasar Siwidin, inda kamfanin gwamnati mai suna Systembolaget ke riƙe da cinikin tun 1955, ba a sayar wa wanda bai kai shekara 20 ba, ba a buɗewa ranar Lahadi, shagunan kuma ba su da yawa. Gaskiya ne inda shago ya yi ƙaranci kuma farashi ya yi tsada, sha yana raguwa. Idan mutanen da ba su da Littafin da ya haramta masu giya suka zaɓi wannan, to sun zaɓi mai sauƙin ɓarna cikin ɓarna biyu, kuma ba mu da ja a kan haka. Amma akwai cutar da ke cikin wannan magani wadda mai maganar bai faɗa ba. Ranar da gwamnati ta ɗanɗani kuɗin giya, ita ma ta zama mashayiya, kuma mayenta ya fi na ɗan tasha wuyar warkewa.

Mu koma Rasha ɗin dai. A zamanin sarakunanta, tun daga 1894 gwamnati ta fara karɓe cinikin barasa, wai don a tsabtace shi a rage maye. Kafin yaƙin duniya na ɗaya, kimanin rubu'in kuɗin shigar daular daga kwalba yake fitowa, har mutane suna yi wa kasafin kuɗin ƙasar laƙabi da kasafin mashaya. A 1985 Gorbachev ya tashi haiƙan zai rage sha, ya rufe shaguna, ya rage abin da ake dafawa, mace-mace suka ragu. Cikin shekara uku aka sassauta, kuma ramin da aka samu a baitulmali yana cikin manyan dalilai. Gwamnati ta auna ran talakawanta da kuɗin barasa, sai kuɗin ya rinjaya.

Ga kuma misali daga nahiyarmu. A birnin Durban na Afirka ta Kudu, bisa wata doka ta 1908, hukumar birni ta hana baƙar fata dafa giyar gargajiya, ta buɗe gidajen giya nata na kanta, ita kaɗai ke sayarwa. Da ribar ta riƙa gina barikokin da ake killace leburori, da ita take biyan masu tsaron da ke dukansu. Wato baƙar fata yana sha, yana biyan kuɗin sarƙar da aka ɗaure shi da ita. Sauran birane suka kwaikwaya. A 1959 mata suka yi bore a unguwar Cato Manor saboda mazajensu suna ƙarar da albashi a gidajen giyar hukuma. A boren Soweto na 1976 kuwa, gidajen giyar hukuma suna cikin wuraren da ɗalibai suka fara huce haushinsu a kai, domin sun gane cewa da kwalba aka kwantar da iyayensu. Wannan ita ce kura ta biyu. Ba ta da hayaniya irin ta farko, tana sanye da kayan sarki, tana ba da rasit, amma naman dai shi take ci.

Kada wani ya ce waɗannan labaran nesa ne. Mu nan an yi mana duka biyun. A taron Burasil na 1890 Turawa suka amince kada a shigar da barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yi ƙarfi ba, kuma da suka ci ƙasar Hausa a 1903 suka sa Arewa cikin yankin da aka hana. Har suna yi mana gori wai sun kare mana addini. Amma dokar tana da ƙofa ta baya: Bature yana shigo da tasa da takardar izni, yana sha a barikinsa da kulob ɗinsa. A Kudu kuwa jiragen ruwa suna sauke barasa akwati-akwati, har a wasu shekaru kafin yaƙin duniya na ɗaya wajen rabin kuɗin shigar gwamnatin Kudu daga harajinta yake zuwa. Gwamnatin Arewa a lokacin kuɗinta ba ya isarta, kuma ɗaya daga dalilan da suka sa Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914 shi ne a zuba kuɗin a tukunya ɗaya. Ka ga ke nan tun ranar da aka haifi Nijeriya aka ɗora mu a kan wannan tsari: a hana ku kwalbar, a ciyar da ku kuɗinta.

Bayan samun mulkin kai ma ba ta sake zane ba. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya. Amma a 1963 aka buɗe kamfanin giya na Nigerian Breweries a Kaduna, hedikwatar Arewa. A birnin Kano aka yi kamfanin North Brewery, wanda gwamnatin tarayya take da hannun jari a ciki. Dukiyar jama'a, har da ta malamin allo da ta limamin Juma'a, tana cikin tukunyar dafa giya. Da Babangida ya zo da shirinsa na SAP a 1986, ya kafa dokar soja mai lamba 25 ta 1988 ta cefanar da kamfanonin gwamnati, aka sa kamfanonin giya cikin jerin na sayarwa. Shin da gwamnati ta sayar da hannun jarinta giya ta ragu? Shin lokacin da take riƙe da shi ta hana? Hannun da ke karɓar riba ne kawai ya canja, shi ma bai canja duka ba, domin abin da gwamnati ta bari ta ƙofar hannun jari ta dawo ta karɓe shi ta tagar haraji.

Nan ne maganar ta zo kanmu, kuma ku yi haƙuri, za ta yi ɗaci. Ranar 1 ga Agustan 2000, a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka ƙaddamar da Shari'a a jihar Katsina, bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a Oktoban 1999. Jama'a suka yi kabbara, gidajen giya suka rufe ko suka koma ɓoye, ko suka fake a kasuwannin barikin soja da na 'yan sanda inda hannun jiha ba ya kaiwa. A Kano, Hisba ta farfasa kwalabe 240,000 a Nuwamban 2013, sannan a Fabrairun 2022 ta farfasa sama da miliyan 3 da dubu 800. Madalla. Amma tun daga 1994 ake karɓar harajin VAT a ƙasar nan, kuma duk kwalbar da aka sha a Legas ko Fatakwal ko Abuja harajinta yana shiga tukunya ɗaya, a raba wa kowa a ƙarshen wata. Kashi 35 cikin ɗari na wannan haraji ƙananan hukumomi 774 ne ke rabawa, kuma Kankiya da Kusada suna cikinsu. Banda wannan akwai harajin da ake ɗora wa kamfanonin giya tun daga masana'anta, shi ma asusun tarayya yake shiga. A 2021, lokacin da Gwamnan Ribas na wancan lokaci, Nyesom Wike, yake shari'ar VAT a kotu, gorin da aka riƙa yi mana daga Kudu shi ne: kuna fasa kwalba da rana, kuna karɓar kuɗinta da dare.  Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Mun san masu gorin ba don Allah suke yi ba, rabon kuɗi suke nema. Amma gaskiya ko daga bakin wa ta fito sunanta gaskiya. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum goma a kan giya. Ku ƙirga su: mai matsa ta, da wanda aka matsa dominsa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka ɗauko wa, da mai zubawa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Mashayi ɗaya ne tak cikin goma. Sauran duk hanyar cinikin ce, tun daga tukunya har aljihun da kuɗin ya kwana. Ina aka ware gwamnati a cikin mai sayarwa? Ina aka ware baitulmali a cikin mai cin kuɗinta? Ko rasit mai tambarin hukuma yana wanke la'ana? Lokacin da Abu Ɗalha ya tambayi Manzo game da giyar da wasu marayu da ke hannunsa suka gada, umurnin da ya samu shi ne ya zubar, ko a mayar da ita ruwan tsami ba a yarje masa ba. Dukiyar maraya ce fa, wadda Alƙur'ani ya fi tsananta kiyayewa. Idan ba a bar kuɗin giya ya shiga aljihun maraya ba, wane ciyaman ne zai ce shi an bar masa don ya gina kwalbati?

Za su ce to ku masu wa'azi, da me za a biya albashi? Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musa cewa akwai wani amfani a giya da caca ba, kuma malaman tafsiri sun ce ribar ciniki tana cikin amfanin da ake nufi, amma ayar ta yanke cewa zunubin ya fi amfanin girma. A shekara ta tara bayan hijira, da aka hana mushirikai kusantar Masallaci Mai Alfarma, mutanen Makka suka ji tsoron kasuwarsu za ta mutu, sai aya ta 28 a Suratut Tauba ta amsa masu cewa wadata a hannun Allah take. Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da ya tuhumi sarakunan zamaninsa da su akwai ɗora harajin da Shari'a ba ta san da shi ba. To ina ga harajin da tushensa ma haram ne? Sannan ko a lissafin duniya ciniki ne na asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 2 da dubu 600 giya ta yi sanadin mutuwarsu. Wanda ya karɓi kuɗin lasi a sakatariya, shi zai biya kuɗin gado a asibiti, da na haɗarin da direban da ya bugu zai yi a kan hanyar Katsina zuwa Kano, da na matar da aka saka cikin maye da 'ya'yan da suka watse.

Za su kuma ce ai Amurka ta hana giya daga 1920 zuwa 1933 ta kasa, sai 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙiba. Haka ne, ta kasa, kuma akwai darasi a ciki wanda ya kamata mu ma mu ɗauka. Amurka ta rubuta doka a takarda alhali zukata suna son abin. A Madina ba haka aka yi ba. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi bayani kamar yadda Buhari ya kawo, cewa da hana giya aka fara saukarwa da mutane sun ƙi, amma sai aka fara da ambaton Aljanna da Wuta har zukata suka nitsu. Sannan hanin ya zo daki-daki, daga Baƙara zuwa aya ta 43 a Suratun Nisa'i, zuwa aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida. Ranar da mai shela ya yi shela, Anas yana cikin zuba wa baƙi a gidan Abu Ɗalha, nan take aka ce ya fita ya zubar, har ta gudana a lungunan Madina. Babu ɗan sanda ko ɗaya a ƙofar gidan. Wannan shi ne abin da mahukuntanmu suka tsallake a 2000. Sun yi shela a filin taro, ba su gina zukata ba, ba su samar wa matasa abin yi ba, su kansu ba su tsarkake aljihunsu ba.

Sakamakon ga shi muna gani. An kori kwalba ta ƙofa, maye ya dawo ta taga da wasu sunaye: kodin, taramol, sholisho, wiwi. Sai da gidan rediyon BBC ya fallasa cinikin kodin a ƙarshen Afrilun 2018 sannan gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a farkon watan Mayu, kamar da can ba ta san abin da ke faruwa a Kano da Katsina ba. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 a Nijeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Ku lura da kyau, wannan ciniki a hannun wa yake? A hannun 'yan kasuwa masu lasi da marasa lasi, daga kamfani zuwa dila zuwa ɗan kemis. Wanda yake son ya ga yadda giya za ta kasance in an sakar wa kasuwa, ya dubi abin da kodin ya yi wa unguwarsu. Kuma babu ɗan Katsinan da ke buƙatar a gaya masa alaƙar ƙwaya da yaran da ke ɗauke da bindiga a daji.

To mene ne matsayinmu? Muna son hukuma ta riƙe wannan lamari da hannu biyu, amma riƙon mai gadi, wanda ba shi da ko kwabo a cikin cinikin. Mai gadin da ake ba kamasho a kan kowane buhu da ya fita daga rumbu ya tashi daga mai gadi. Ba mu yarda a ba ɗan kasuwa lasi ba, ba mu yarda gwamnati ta zama ɗan kasuwar ba, ba mu kuma yarda da wannan zaman na yanzu ba, na hana kwalba da cin kuɗinta. Game da maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba, Kiristoci ne ko Maguzawan da ke wasu ƙauyukan Katsina da Kano, malaman fiƙihu tun da can ba su ce a kutsa gidajensu a bincika tukwanensu ba. Abin da aka hana shi ne baje ta a kasuwar Musulmi da sayar wa 'ya'yan Musulmi. Rigimarmu da tsarin da ke cin riba ne, ba da maƙwabci ba.

Saboda haka, 'yan uwa matasan Kankiya da Kusada, ga aikin da ke gabanku. Na farko, ku je wurin kansilolinku, cikin ladabi kuma a bainar jama'a, ku tambaye su ko akwai wani layi na lasin giya a cikin dokokin kuɗin shigar ƙaramar hukuma, ko da na gado ne da aka kwafo daga tsofaffin takardu. In akwai a goge shi, in babu su yi alkawari a gaban shaidu ba za a sa ba. Na biyu, ku matsa wa wakilanku na majalisar jiha da ta tarayya su nemi a ware harajin giya daga tukunyar da ake rabawa. Jihohin da suka halatta wa kansu su ɗauki abinsu, mu a bar mu da halaliyarmu ko da ta ragu. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a da sunan Shari'a, wannan ita ce tambayar da za ku tare shi da ita, a nan za a gane mai gaskiya da mai kabbarar kamfe. Hukumar Hisba da gwamnatin Malam Dikko Umar Raɗɗa ta kafa ba za ta yi kwarjini a idon mashayi ba matuƙar ya san a cikin albashin mai kama shi akwai kuɗin kwalbar da ya sha.

Na uku ya shafe ku kai tsaye. Da yawanku direbobi ne, 'yan acaɓa, masu Keke Napep, 'yan dako a tasha. Mai ɗauka yana cikin goman nan. Idan aka ba ka kwali ka san abin da ke ciki, kuɗin dakon ba zai yi maka albarka ba, ka mayar. Ku kuma ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, gobe ku ne masu kemis a garuruwanmu. Ku ƙudurta tun yanzu cewa ba za ku miƙa wa yaro kwalba ko ƙwaya ba tare da takardar likita ba, ko nawa ya ajiye a kan tebur.

Na huɗu, kuma ku riƙe shi da kyau: babu wanda ya aike ku ku ƙona shagon wani ko ku daki wani. Zartar da haddi aikin alƙali ne da shaidu. Duk wanda ya ɗauki doka a hannunsa ya ba maƙiya abin da suke nema, ya jawo a kama 'yan uwa, ya mayar da mai sayar da guba abin tausayi. Ku tattara shaida ku kai wa Hisba da hukumar NDLEA da masu unguwanni, ku bi sawun maganar har a ga ƙarshenta, in aka yi rufa-rufa ku fallasa da alƙalami.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Kowane ɗayanku ya san wani abokinsa da suka yi makarantar allo tare, wanda yanzu yake kwana a kango ko bayan tasha, idanu jajur. Kun daina gaisawa da shi, kuna tsallake hanya in kun hango shi. To shi ne kasuwar da kurayen nan biyu suke faɗa a kanta. Lokacin da aka kawo wani sahabi da aka sha yi wa haddi saboda giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ku je ku nemo naku. Ku zauna da shi, ku ja shi masallaci, ku haɗa masa ɗan jari, in abin ya yi nisa ku kai shi asibiti. Kafin Juma'a mai zuwa kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Allah Ya tsare mana matasanmu, Ya tsarkake mana abincinmu, Ya ba shugabanninmu ƙarfin halin barin abin da Ya haramta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.